Daga Wasiƙa Zuwa Maƙala: Rigingimun da Suka Haifi Tsarin Rubutun Bincike

Duk wanda ya taɓa ratsa harabar jami'a a ƙarshen zangon karatu ya san wannan hoto. Ɗalibi ya fito daga ofishin malamin da ke duba masa aiki, rungume da kundin da jan biro ya yi wa kaca-kaca, ya nufi shagon masu buga takardu yana lissafin kuɗin sake bugu. An ce masa tsakurensa ya yi tsawo, bitar ayyukan da suka gabata ta yi ƙaranci, manazarta kuma ba ta bi ƙa'ida ba. Idan ya yi ta maza ya tambayi dalilin da ya sa dole sai gabatarwa ta fara zuwa, sannan hanyoyin bincike, sannan sakamako, sannan sharhi, amsar da yakan samu ba ta wuce "haka ake yi" ba.

Ba haka aka tarar ba. Wannan jeri bai cika shekara ɗari da zama doka ba, kuma kusan kowane sashe nasa wata rigima ce ta haife shi. Rigingimun iri biyu ne: wa ya riga wa gano abu, da kuma maganar wa za a yarda da ita.

Kafin a sami mujallu, masanin Turai da ya gano wani abu sabo yana tsaka mai wuya. In ya tsaya rubuta littafi, zai ci shekaru da kuɗi. In ya rubuta wa aboki wasiƙa, yana iya wayar gari ya ji fasaharsa a bakin wani. Sai wasu suka ɓullo da wata dabara mai ban dariya. A 1610 Galileo ya leƙa tauraron Zuhal da madubinsa na hangen nesa, ya ga kamar yana da 'yan rakiya biyu, ɗaya a kowane gefe. Ba ya son a riga shi, kuma bai shirya fallasa abin ba. Sai ya rubuta shi a jimla ɗaya ta Latin, ya yamutsa haruffanta, ya aika. Masanin taurari Kepler ya zauna a birnin Prague yana jujjuya haruffan har ya haɗa wata jimla da ta nuna masa cewa duniyar Mars tana da wata guda biyu masu kewaya ta. Ba abin da Galileo ke nufi ba ke nan, kodayake a 1877 an gano cewa Mars ɗin wata biyu gare ta. Robert Hooke ma haka ya yi a 1676 da ƙa'idarsa ta yadda sifirin ke miƙewa daidai da nauyin da aka rataya masa, bai warware kacici-kacicin ba sai bayan shekara biyu. Da wannan dabara mutum yakan tsare sunansa, amma ba wanda ya ƙaru da komai.

Mafita ta zo a 1665, sau biyu cikin wata uku. Ranar 5 ga Janairu, Denis de Sallo ya fitar da Journal des sçavans a birnin Faris, wadda ta fi karkata ga sharhin sababbin littattafai. Harshensa ya yi kaifi, ya taɓo manya da coci, aka dakatar da ita bayan fitowa 13, sai a shekarar da ta biyo baya ta dawo a hannun wani. Ranar 6 ga Maris kuma, a Landan, wani Bajamushe ɗan garin Bremen mai suna Henry Oldenburg ya fitar da Philosophical Transactions mai shafi 16. Shi ne sakataren ƙungiyar masana ta Royal Society, wadda aka kafa a 1660, kuma sana'arsa ta gaskiya ita ce wasiƙa. Yana jin Jamusanci da Ingilishi da Faransanci da Latin, yana musayar takardu da masana a duk faɗin Turai, har an ruwaito cewa ba ya buɗe wasiƙa sai alƙalami da takarda suna gabansa don ya ba da amsa nan take. Mujallar tasa ce ta kansa, ba ta ƙungiya ba. Ya sa ran za ta riƙe shi, amma da ƙyar take biya masa kuɗin haya.

Wanda ya buɗe fitowar farko yana neman maƙala irin ta yau zai sha mamaki. Akwai labarin wani ɗan maraƙi da aka samu da muguwar halitta, da bayanin kamun kifin whale a tsibirin Bermuda, da wani tabo da Hooke ya hango a jikin tauraron Mushtari, da gwajin agogo a cikin jirgin ruwa, da ta'aziyyar masanin lissafi Fermat. Labarai ne da aka tsakuro daga wasiƙu, Oldenburg ya fassara, ya datse, ya jera. Amma ya yi wani abu guda da ya kashe kasuwar yamutsa haruffa: yana rubuta sunan wanda ya aiko da abu da ranar da ya iso. Wato ka fito da abin da ka gano a fili, mu kuma mu zame maka shaida cewa kai ka riga kowa. 'Yar ƙaramar sanarwar nan da ake gani a ƙasan shafin farko na maƙala, mai cewa an karɓa ranar kaza, an amince ranar kaza, jikar wannan rajista ce.

Yawan wasiƙa da ƙasashen waje bai bar shi lafiya ba. A 1667, ana tsakiyar yaƙi tsakanin Ingila da Holan, aka kama shi bisa zargin leƙen asiri, ya yi wajen wata biyu a kurkukun Hasumiyar Landan. Yana fitowa ya koma kan teburinsa, bai daina fitar da mujallar ba sai da ya mutu a 1677.

Maƙala mafi shahara da ta bi ta hannunsa wasiƙa ce ita ma. A watan Fabrairun 1672 wani matashin malamin jami'ar Cambridge, Isaac Newton, ya rubuto masa a kan haske da launi. Labari ya bayar da bakinsa: yadda ya samo gilashi mai kusurwa uku, ya rufe ɗakinsa ya yi duhu, ya huda 'yar kafa a murfin taga, hasken rana ya ratsa gilashin ya baje launuka a bango. Daga nan ya kai ga cewa farin haske tarin launuka ne. Da aka buga, sai suka taso masa. Hooke ya soki bayanin, wasu malaman coci a Faransa da Liège suka yi ta aiko da ƙorafi, akwai ma wanda ya ce ya gwada bai ga abin da Newton ya gani ba. Newton ba mutum ne mai juriyar suka ba. Ya yi barazanar ficewa daga ƙungiyar, ya ja bakinsa ya tsuke, bai fitar da littafinsa a kan haske ba sai 1704, shekara guda bayan mutuwar Hooke.

Wanda ya fi kowa nuna inda gizo ke saƙar shi ne wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek. Bai yi jami'a ba, ba ya jin Latin, harshen masana na wancan zamani. Abin da ya iya shi ne sarrafa ƙananan gilasai masu ƙara girman abu, waɗanda ba wanda ya kama ƙafarsa a kansu. Daga 1673 ya fara rubuto wa ƙungiyar wasiƙu da harshensu na gida, yana yi yana ratse, yau zancen ƙwayar idon saniya, gobe zancen lafiyar jikinsa. A 1676 ya so ya gano abin da ke sa masoro yaji, ya jiƙa shi a ruwa na wajen mako uku. Da ya ɗiga ruwan a gaban gilashinsa sai ya ga wasu mitsi-mitsin halittu suna iyo, dubbai a ɗigo ɗaya. Ƙwayoyin bakteriya ya gani, abin da ɗan Adam bai taɓa sa wa ido ba. Ya rubuta doguwar wasiƙa a watan Oktoba, Oldenburg ya fassara ta, ya rage mata tsawo, ya buga.

Mutanen Landan ba su gamsu ba, kuma ba za a ga laifinsu ba. Taken ƙungiyarsu ma na nufin kada a karɓi maganar kowa sai da hujja. Bahaushe zai ce gani ya kori ji. Suka nemi ya faɗi yadda ya yi, shi kuwa ya ƙi bayyana sirrin gilasansa. Maimakon haka sai ya tara mutum takwas masu mutunci, cikinsu har da limaman coci, suka leƙa, suka rubuta takardun shaida, ya aika. Shaidar ba ta kashe maganar ba. Abin da ya kashe ta shi ne da Hooke ya jiƙa nasa masoron, ya yi ta fama da nasa madubin, har a watan Nuwamban 1677 ya nuna wa mambobi halittun suna motsi a gabansu. Bayan shekara uku suka karɓi mai sayar da yadi a matsayin mamba. Daga irin wannan tirka-tirka aka fahimci cewa rantsuwar dattawa ba ta kai bayanin da zai sa wani baƙo, a wani gari, ya maimaita gwaji ya ga abin da ka gani ba. Masanin kimiyya Robert Boyle ya riga ya fara wannan salo, yana zayyana na'urarsa dalla-dalla, yana ba da labarin har gwaje-gwajen da suka ƙi ci. Tushen babin hanyoyin gudanar da bincike ke nan, babin da ɗalibai da yawa ke kwafowa daga kundin wani ba tare da sun san amfaninsa ba.

Ana yawan cewa Oldenburg ne ya ƙirƙiri tantancewar masana. Maganar ta yi nisa. Yakan nemi shawara, amma hukunci nasa ne. Ƙungiyar ba ta karɓi ragamar mujallar ba sai a 1752, bayan wani mai suna John Hill, wanda bai samu shiga cikinta ba, ya yi ta yi mata shaguɓe a rubuce yana tono shirmen da aka taɓa bugawa. Kunya ta sa aka kafa kwamiti, ana karanta masa taƙaitaccen bayanin kowace takarda, ya kaɗa ƙuri'ar sirri. Sai a 1831 William Whewell na Cambridge ya kawo shawarar a yi koyi da cibiyar kimiyya ta Faransa, a riƙa ba ƙwararru takarda su rubuta rahoto a kanta, a buga rahoton kowa ya gani. Gwajin farko da kansa ya yi, shi da John William Lubbock, a kan wata takardar George Airy game da tafiyar duniyarmu da tauraruwar Zara. Nan take suka saɓa. Whewell na ganin muhimmancin aikin, Lubbock na ganin lissafin bai tsaru ba, Airy kuma ya fusata da aka nemi ya gyara. Ba a jima ba aka daina buga rahotannin, aka mayar da su sirri, aka ɓoye sunan mai tantancewa. Mutumin nan marar fuska da marubuta ke tsine wa har yau, a lokacin aka haife shi.

Lubbock ɗin nan ya sake shiga tarihi ta wata ƙofa marar daɗi. A 1845 wata takarda ta iso daga Bombay ta ƙasar Indiya, daga wani ɗan Sikotland mai suna John James Waterston, malamin da ke koyar da ƙananan hafsoshin jiragen ruwa. Ya yi bayanin cewa iskar gas tarin ƙananan ƙwayoyi ce masu gudu suna karo da juna, zafi kuma ba komai ba ne illa wannan motsi. Ba wanda ya san shi a Landan. Aka ba mutum biyu su duba, Lubbock ya yanke cewa shirme ne zalla, bai ma cancanci a karanta shi a gaban ƙungiya ba. Dokar lokacin ta ce takardar da ta shigo ta zama mallakar ƙungiya, ba a mayarwa, shi kuma Waterston bai ajiye cikakken kwafi ba.

Takardar ta kwanta a ma'ajiya shekara 46. A tsakanin nan Clausius Bajamushe da Maxwell ɗan Birtaniya suka gina wannan ilmi, suka yi suna da shi. A 1891 Lord Rayleigh ya bi sawun wata 'yar ishara ya tono ta, ya sa aka buga a 1892, tare da bayanin cewa ƙin karɓar ta ya jawo wa fannin jinkirin shekara goma zuwa sha biyar. Mai ita bai gani ba. Tun a 1883 ya fita yawo daga gidansa a Edinburgh, ba a sake ganinsa ba.

Manazarta tata hanyar daban ce. Wanda ya zauna gaban malami ya karanci hadisi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani, domin ya san magana ba ta tsayuwa sai da isnadi, wane daga wane. Malaman tarihi na Jamus, musamman Leopold von Ranke tun daga littafinsa na 1824, su suka mayar da ambaton madogara a ƙasan shafi alamar ƙwarewa a jami'o'in Turai. Salon sa sunan marubuci da shekara a cikin baka kuwa ana danganta shi da Edward Laurens Mark na jami'ar Harvard, a wata maƙalarsa ta 1881 kan yadda wani nau'in dodon-koɗi marar ƙwanso ke ƙyanƙyashewa. Ƙa'idar APA, wadda ke hana ɗalibai barci a yau, ta fara ne a 1929 da shafi bakwai kacal a cikin wata mujallar nazarin halayyar ɗan Adam.

Duk da haka, har farkon ƙarni na 20 waɗannan abubuwa ba su zama wajibi ba. Maƙalar Albert Einstein ta 1905, wadda ta sauya fahimtar lokaci da sarari, ta fito a mujallar Annalen der Physik babu jerin manazarta ko ɗaya, sai godiya ga abokinsa Michele Besso a ƙarshe. A Jamus ta wancan lokaci edita ne ke karantawa ya yanke hukunci, galibi cikin 'yan makonni. Da wannan sabo Einstein ya koma Amurka. A 1936 shi da mataimakinsa Nathan Rosen suka aika wa mujallar Physical Review wata takarda da ke cewa igiyoyin maganaɗisun nauyi, waɗanda ƙa'idarsa ce ta yi hasashensu shekara ashirin baya, ba su da samuwa. Editan, John Tate, ya yi abin da ya saba: ya tura wa wani masani. Rahoto mai shafi goma ya dawo yana nuna kuskure a lissafin. Tate ya aika wa Einstein cikin ladabi, yana neman jin ta bakinsa.

Amsar gajeriya ce, da Jamusanci, kuma da zafinta. Ya ce sun aiko da takarda ne a buga, bai ba kowa izinin nuna ta ga wasu kafin bugu ba, ba ya ganin dalilin tanka wa sharhin wani marar suna wanda ma kuskure ne, saboda haka ya janye. Ya kai ta wata ƙaramar mujalla ta cibiyar Franklin a Philadelphia, aka karɓa. Sai dai kafin a buga, wani farfesa a Princeton mai suna Howard Percy Robertson ya ƙulla abota da sabon mataimakin Einstein, Leopold Infeld, ya bi da shi ta cikin lissafin a hankali har ya ga ramin. Einstein ya gyara, takardar ta fito a 1937 da sakamako kishiyar na farko. Sai a 2005 wani mai binciken tarihi, Daniel Kennefick, ya tabbatar daga rajistar mujallar cewa Robertson ɗin ne mai rahoton shafi goma. Ya shigo ta taga bayan an rufe masa ƙofa, kuma bai taɓa tona kansa a bainar jama'a ba. An kama waɗannan igiyoyi da na'ura a watan Satumban 2015, maƙalar da ta ba da sanarwa kuma tana ɗauke da sunan marubuta fiye da dubu.

Ko a 1953, maƙalar James Watson da Francis Crick kan siffar DNA, wadda ta fito a mujallar Nature ranar 25 ga Afrilu, ba a tura ta ga masu tantancewa na waje ba. Shafi ɗaya ce da 'yan kai, babu kanun sassa. 'Yar'uwar Watson ce ta buga ta a tafireta, matar Crick ta zana hoton, aka jefa kwabo don a san sunan wa zai fara zuwa. Aikin Rosalind Franklin, wanda suka dogara da shi matuƙa, bai samu fiye da wata dunƙulalliyar godiya ba, abin da har yau ake jayayya a kansa.

Kuɗi ne suka sauya komai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatoci, musamman ta Amurka, suka zuba dukiya a binciken kimiyya, masu bincike suka ninku, takardu suka yi wa editoci yawa. Injin fotokwafi na Xerox da ya shigo kasuwa a 1959 ya sauƙaƙa aika kwafi ga mutum biyu ko uku a lokaci guda, maimakon dogaro da takardar kabon. Nature ba ta wajabta tantancewa ga kowace maƙala ba sai a 1973. A 1975 'yan majalisar Amurka suka zauna suna tuhumar yadda hukumar kimiyya ta ƙasar ke raba kuɗin jama'a, masana kuma suka kare kansu da cewa ƙwararre ne kaɗai zai iya auna aikin ƙwararre. Daga nan tantancewa ta tashi daga dabarar edita ta zama hatimin da ke raba ilmi da surutu a idon hukuma.

Jerin sassa huɗun nan ma a wannan zamani ya kafu. Wani nazari da aka buga a 2004 ya bi manyan mujallun likitanci guda huɗu na Birtaniya da Amurka, ya gano cewa tsarin ya fara leƙowa a shekarun 1940, ya kai kashi 80 cikin ɗari a shekarun 1970, ya zama shi kaɗai a shekarun 1980. Dalilinsa a fili yake: likitan da ke da maƙala hamsin a gabansa ba zai karanta labari ba, yana son ya san inda zai sa yatsa ya tarar da sakamako. A ɓangaren kundin digiri kuwa, akwai wata mata da ɗalibai ba su san suna bin umarninta ba. Kate Turabian ita ce sakatariyar da ke duba kundaye a jami'ar Chicago daga 1930 zuwa 1958, ba kundin da ke wucewa sai da amincewarta. A 1937 ta tattara ƙa'idojinta a wani ɗan littafi mai shafi 68, wanda har yanzu ake sabunta shi ana sayarwa. Ita kanta ba ta da digiri.

Wanda ya fi kowa yi wa wannan tsari tsirara ɗan gida ne. A 1963 Peter Medawar, wanda ya ci kyautar Nobel shekara uku kafin nan, ya yi jawabi a gidan rediyon BBC yana tambaya ko maƙalar kimiyya yaudara ce. Ba yana nufin ana ƙirƙirar sakamako ba ne. Nufinsa shi ne jerin da ake bi a takarda ba shi ne jerin da aka bi a zuci ba. Maƙala na nuna kamar mai bincike ya shiga aiki da farar zuciya, ya tara bayanai, sannan a ƙarshe ma'ana ta bayyana gare shi, alhali tun farko da zatonsa ya shiga, ya yi tuntuɓe, ya koma baya, ya bi hanyoyin da ba su ɓulle ba. Gaskiya ya faɗa, kuma duk wanda ya taɓa rubuta maƙala ya sani. Galibi daga jadawali da alƙaluma ake farawa, a rubuta hanyoyin bincike domin su suka fi sauƙi, a yi fama da sharhi, sannan a dawo a ƙera gabatarwar da za ta dace da inda aka tsinci kai. Tsakure, wanda ke shafin farko, shi ne auta. Ɗalibin da ya zauna wata uku yana kallon babi na ɗaya ya kasa motsi, sau da yawa ba wanda ya gaya masa wannan sirri ne.

Al'adar ta iso Nijeriya tare da jami'a: Ibadan a 1948, Zariya a 1962. Mujallar Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, wadda ta fara fita a 1956, ta zama fagen da su Kenneth Dike suka nuna cewa Afirka na da tarihin da za a rubuta da hujja, har da hujjar baka, a lokacin da wasu Turawa ke musun haka. Daga baya Hausa ma ta shiga sahu. A sassan nazarin harsunan Nijeriya na Kano da Zariya da Sakkwato ana rubuta kundaye da Hausa tun daga digiri na farko har na uku, mujallu irin su Harsunan Nijeriya suna buga maƙalu da ita, kuma a nan ne kalmomi kamar tsakure da manazarta suka sami gindin zama. Amma tare da tsarin aka gaji cutarsa. Ƙarin girman malami ya rataya a kan yawan abin da ya buga, kuma inda duk aka ce lamba ce ke magana, za a sami masu sayar da lamba.

A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya gwada zurfin abin. Ya ƙirƙiri maƙalar bogi da ke cewa wani sinadari daga gansakukar jikin duwatsu yana hana ƙwayoyin cutar daji yaɗuwa, ya cusa mata kurakuran da duk mai ilmin fannin zai gani daga kallon farko, amma ya tsara ta tsaf: gabatarwa, hanyoyi, sakamako, sharhi, manazarta. Ya laƙaba mata sunayen marubuta da cibiyoyi na ƙarya masu kama da na Afirka, zaɓin da shi kansa yana da ciwo, ya aika wa mujallu 304 na intanet masu karɓar kuɗi daga marubuci. Guda 157 suka amince za su buga, 98 suka ƙi. Mujallar Science ce ta buga labarin a watan Oktoban shekarar.

Waɗannan mujallu ba su rasa ciniki ba har yau, kuma ba marubuta ne kaɗai ke riƙe da su ba. Duk kwamitin ƙarin girma da ke ƙirga maƙalun malami ba tare da ya zauna ya karanta ko guda ɗaya ba, shi ne babban abokin cinikinsu.